Tarihin Lambobi Masu Ƙaunar Juna

 

Ya ku 'yan'uwana mata, uwargida da amarya da 'yan mata masu shirin shiga daga ciki, yau zancen lissafi na zo muku da shi. Na san da jin haka wata za ta yamutsa fuska ta ce, "Mu da muka baro lissafi tun a firamare, me kuma ya haɗa mu da shi?" Ki yi haƙuri ki ba ni aron kunnenki, 'yar'uwa. Lissafin da zan kawo miki da shi ake raba gadonki, kuma da ɓurɓushinsa ne wasu 'yan tsibbu suke karɓe wa mata kuɗin adashinsu da sunan mallakar miji. Kin ga kuwa ai ya shafe mu.

Ga lambar da za mu bi tarihinta: 9,363,584. Wato miliyan tara da dubu ɗari uku da sittin da uku da ɗari biyar da tamanin da huɗu. Da za ki zauna ki ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, kowace daƙiƙa lamba guda, ba ci ba sha ba barci, sai kin shafe kwana 108 ba ki gama ba. A zamanin kuɗin wuri, lokacin da kakanninmu suke kiran wuri dubu ashirin keso guda, wannan lamba keso 468 ce har da ragowar wuri 3,584. To, wannan ƙatuwar lamba tana da aminiya guda ɗaya tak a duk faɗin lissafi, ita ce 9,437,056. Yadda aka yi har aka gano amincinsu, shi ne labarinmu.

YADDA AKE SANIN HALIN LAMBA

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ita lamba cikinta ake tambaya. Malaman lissafi na dā ba su damu da girman lamba ba, sassanta suke dubawa. Sassan lamba su ne duk ƙananan lambobin da za su raba ta daidai ba tare da ragowa ba. Misali, in kina da ƙosai 12, za ki iya kasa shi ɗai-ɗai, ko bibbiyu, ko uku-uku, ko huɗu-huɗu, ko shida-shida, ba wanda zai saura a tire. Saboda haka sassan 12 su ne 1, 2, 3, 4 da 6. Amma in ƙosan 7 ne, duk yadda kika juya shi ba zai kasu ba sai dai ɗai-ɗai. Irin su 7 da 11 da 13 Larabawa suna ce musu "awwal", mu kuma bari mu kira su gagara-rabo. Ki riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Rabon farko da kowa ya sani shi ne cika da mara, wanda yara ma suke wasa da shi. Amma akwai wani rabon da ya fi wannan zurfi. Wajen shekara ta 100 Miladiyya, an yi wani malami mai suna Nikomakus, mutumin garin Jarash a ƙasar Jodan ta yau, wanda ya rubuta littafin lissafi da harshen Girkanci. A ciki ya kasa lambobi gida uku, gwargwadon abin da sassansu suka tara.

Gida na farko, masu rara. In kika haɗa sassan 12, wato 1 da 2 da 3 da 4 da 6, za ki samu 16. Abin da ke cikinta ya fi ta yawa.

Gida na biyu, masu giɓi. Sassan 10 su ne 1 da 2 da 5, jimla 8. Abin da ke cikinta bai kai ta ba.

Gida na uku, kammalallu. Sassan 6 su ne 1 da 2 da 3, jimla 6 cif. Haka 28: 1 da 2 da 4 da 7 da 14, jimla 28. Ba rara, ba giɓi.

Kammalallun nan wuyar samu gare su kamar ruwa a hamada. Nikomakus guda huɗu ya lissafa: 6, 28, 496 da 8,128. Ta biyar ɗinsu sai an yi tsalle har zuwa 33,550,336. Tun kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iƙlidis na birnin Iskandariyya ya nuna hanyar fitar da su, amma duk da haka, zuwa shekarar 2024, da duk ƙarfin kwamfutocin duniya, guda 52 kacal aka sani. Dukkansu kuwa cika ne. Ko akwai kammalalliyar lamba da take mara? Wannan tambaya ta fi shekara dubu biyu tana jiran mai amsa ta.

Kada ki ɗauka wannan duk wasan malamai ne. Dubi rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, uwar tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Alƙali zai nemi lambar da takwas da shida duk za su raba ta, ita ce 24. Mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, ɗa ya ɗauki 17. In kuwa matan huɗu ne, kaso 3 ba zai rabu a tsakaninsu ba, sai a ninka 24 sau huɗu ta zama 96, tumuni ya zama 12, kowace ta samu 3. Wannan shi ne sanin sassan lamba. Buƙatar raba gado tana cikin abin da ya sa malaman Musulunci suka rungumi lissafi hannu bibbiyu. Ko littafin aljabara na Alkawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangarensa a kan gado da wasiyya yake.

220 DA 284

To, a nan ne abin mamakin yake. Ɗauko biro da takarda, ko gawayi ki rubuta a ƙasa, ki gwada da kanki, don gani ya kori ji.

Sassan 220 su ne: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55, 110. Haɗa su. Za ki samu 284.

Yanzu sassan 284: 1, 2, 4, 71, 142. Haɗa su. Za ki samu 220.

Kin gani? In an buɗe cikin wannan, waccan ake samu, in an buɗe cikin waccan, wannan ake samu. Larabawa suka sa musu suna "al'a'adadul mutahabba", lambobi masu ƙaunar juna. Wani marubuci mai suna Iyambilikus, wanda ya rayu wajen shekara ta 300 Miladiyya, ya danganta saninsu ga Faisagoras, malamin Girkawa da ya riga shi da kimanin shekara 800. Almajiran Faisagoras sun ɗauki waɗannan lambobi a matsayin alamar aminci na gaskiya. Amma fa tagwaye guda ɗin nan kaɗai Girkawa suka bar wa duniya. Ƙarni bayan ƙarni ana ta maimaita 220 da 284, ba wanda ya san hanyar samo musu 'yan'uwa.

MAI CANJIN KUƊI NA HARRAN

A ƙarni na 9 Miladiyya, zamanin halifofin Abbasiyawa, an yi wani saurayi a garin Harran, wanda yau yake kudancin ƙasar Turkiyya. Sunansa Sabitu ɗan Ƙurra. Masu tarihi sun ce canjin kuɗi yake yi a kasuwa. Wata rana wani babban malamin Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa, ya biyo ta garin, ya ga kaifin basirarsa da yadda ya iya harsuna, sai ya tafi da shi Bagadaza. Sabitu ba Musulmi ba ne, Basabi'e ne mai bin addinin mutanen garinsu, amma wannan bai hana fadar halifa ta girmama iliminsa ba. Ya iya Suriyanci da Girkanci da Larabci, kuma shi ne ya mayar da littafin Nikomakus zuwa Larabci.

Sabitu bai tsaya ga fassara ba. Ya zauna ya tambayi kansa: me ya sa 220 da 284 suke haka? Har Allah Ya ba shi ikon fitar da ƙa'ida, ya kuma kafa mata hujja. Bari in sauƙaƙa miki ita yadda za ki iya gwadawa a tsakar gida.

Fara da 3, ki yi ta ninkawa: 3, 6, 12, 24, 48, 96, 192, 384. Zaɓi maƙwabta biyu a layin, misali 6 da 12. Ɗebe ɗaya daga kowace, kin samu 5 da 11. Sannan ki buga 6 sau 12, ya ba ki 72, ki ɗebe ɗaya, saura 71. Yanzu kina da lambobi uku: 5, 11 da 71. Sharaɗin Sabitu shi ne dukkan ukun su zama gagara-rabo. In sun cika sharaɗi, sai ki ɗauki sulusin babbar maƙwabciyar, wato sulusin 12, shi ne 4. Huɗu sau 5 sau 11 ya ba da 220. Huɗu sau 71 ya ba da 284. Shi ke nan, asiri ya tonu.

Sai dai sharaɗin nan da tsauri yake. Gwada 12 da 24: za ki samu 11 da 23 da 287. Biyun farko sun yi, amma 287 bakwai tana raba ta, don 7 sau 41 ne. An faɗi ke nan. Gwada 48 da 96, za ki ci karo da 95, wadda biyar take rabawa. Nan ma an faɗi. Sabitu ya rasu a Bagadaza a shekarar 901, ya bar wa na baya mabuɗi, saura neman ƙofar da zai buɗe.

DAGA TABRIZ ZUWA YAZDU

Ƙofa ta biyu tana wajen 24 da 48. A nan ana samun 23 da 47 da 1,151, dukkansu gagara-rabo. Sulusin 48 shi ne 16, sai tagwayen suka fito: 17,296 da 18,416. Kamaluddin Alfarisi, malamin birnin Tabriz a ƙasar Iran wanda ya rasu wajen 1319, ya kawo su a littafin da ya rubuta musamman a kan wannan fanni. Ana kuma danganta saninsu ga Ibnul Banna na birnin Marrakish a Maroko, wanda ya rasu a 1321. Dubi nisan da ke tsakanin Tabriz da Marrakish, a zamanin da ba mota ba jirgin sama, amma tambaya ɗaya ce take hana malamai barci a gabas da yamma.

Bayan nan sai aka sake shafe kusan shekara 300. A farkon ƙarni na 17, wani malamin Iran mai suna Muhammadu Baƙir Yazdi, marubucin littafin Uyunul Hisab, ya isa ga ƙofa ta uku, wato 192 da 384. Ɗebe ɗaya daga kowace, ga 191 da 383. Buga 192 sau 384 ka ɗebe ɗaya, ga 73,727. Ki tsaya ki yi tunanin aikin da ke nan, 'yar'uwa. Kafin mutum ya tabbatar cewa babu abin da ke raba 73,727, sai ya gwada ta da kowace gagara-rabo tun daga 2 har zuwa 271. Raba-raba 58 ke nan, kowanne da alƙalami da tawada, kuma kuskure guda ya isa ya rushe aikin duka. Da ya tabbata, sai aka ɗauki sulusin 384, wato 128.

128 sau 191 sau 383 ya ba da 9,363,584.

128 sau 73,727 ya ba da 9,437,056.

Ga lambarmu ta fito tare da aminiyarta. In kina son ki tabbatar, babbar ta fi sauƙin bincike, don sassanta 15 ne kawai. Takwas na farko su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64 da 128, jimlarsu 255. Sauran bakwai su ne 73,727 da ninke-ninkenta har zuwa sau 64, jimlarsu 9,363,329. Haɗa 255 a kai, sai ga 9,363,584, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ita kuma ƙaramar sassanta 31 ne, in an tara su 9,437,056 suke bayarwa. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ƙididdige kome.

TURAWA SUN SHIGO

A wannan ƙarnin dai, malaman Faransa su ma sun duƙufa kan lissafi, ba tare da sun san abin da ke cikin littattafan Larabci ba. A 1636 wani lauya mai suna Farma, wanda lissafi abin sha'awarsa ne in ya tashi daga aiki, ya sanar da cewa ya gano 17,296 da 18,416. Bayan shekara biyu, a 1638, Dekart, wanda dama akwai 'yar gasa tsakaninsa da Farma, ya fito da 9,363,584 da 9,437,056. Shekaru aru-aru littattafan Turai suna jingina waɗannan tagwaye ga su biyun, sai a ƙarni na 20 masu binciken tsofaffin rubuce-rubucen Larabci suka nuna cewa tuni an san su a ƙasashen Musulmi. Ba sata aka yi ba, kowa da guminsa ya samu. Amma akwai darasi a nan: ilimin da aka rufe a akwati aka daina karantar da shi, wata rana a hannun baƙo za a gan shi, har a yi ta mamaki.

Daga nan sai Oila ya zo, mutumin ƙasar Suwizalan, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1783. Shi ya faɗaɗa ƙa'idar Sabitu ya kuma ƙirƙiro wasu hanyoyin. A 1747 ya jera tagwaye 30, zuwa 1750 sun kai kimanin 60. Abin da duniya ta yi kusan shekara dubu biyu tana tattara uku, mutum ɗaya ya ninka shi sau ashirin. Bawan Allahn nan a ƙarshen rayuwarsa ya makance, amma bai daina lissafi ba, yana faɗa 'ya'yansa da almajiransa suna rubutawa.

Sai kuma abin dariya. A 1866 wani yaro ɗan shekara 16 a ƙasar Italiya, mai suna Nikolo Faganini, ya kawo 1,184 da 1,210. Aka duba, aka ga lallai masu ƙaunar juna ne, kuma su ne na biyu a ƙanƙanta bayan 220 da 284. Duk manyan nan, daga Sabitu har Oila, sun tsallake su suna can suna laluben miliyoyi, saboda ƙa'idojinsu ba su bi ta kansu ba. Masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce abin da ake nema a Sakkwato yana nan cikin aljihun shakwara. Ga su nan ki gwada: sassan 1,184 su ne 1, 2, 4, 8, 16, 32, 37, 74, 148, 296 da 592.

A yau da kwamfuta an gano tagwaye sama da biliyan ɗaya. Duk da haka ƙa'idar Sabitu ƙofofi ukun nan kaɗai aka samu ta buɗe, kuma lambarmu ita ce ta ukun. Har yanzu ba wanda ya iya tabbatar da ko waɗannan tagwaye suna da iyaka ko ba su da ita. Haka kuma ba a taɓa samun tagwayen da ɗaya cika ce ɗaya mara ba.

YADDA ILIMI YA KOMA LAYA

Yanzu bari mu zo inda gizo yake saƙar. Tun da daɗewa, da 'yan tsibbu suka ji an ce ga lambobi masu ƙaunar juna, sai suka ce tsuntsu daga sama gasasshe. Ibnu Khaldun, babban masanin tarihin nan da aka haifa a Tunis, ya ambata a littafinsa Muƙaddima, wanda ya rubuta a 1377, cewa masu ɗalasimai suna aiki da 220 da 284 don haɗa soyayya tsakanin mutum biyu. A babin sihiri ya kawo zancen, kuma ya bayyana cewa shari'a ta hana irin wannan aiki. An kuma ruwaito cewa wasu sukan rubuta lambobin a jikin abin ci, mai neman soyayya ya ci ɗaya, ya ba wanda yake so ɗayar.

Mu ma nan ƙasar Hausa mun san hatimi, ɗan gidan dara mai lambobi a ciki. Mafi sauƙinsa mai gida tara ne, wanda aka jera 1 zuwa 9 ta yadda ko ta ina aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za a samu. Jera irin wannan lissafi ne tsantsa, kuma muna da gwaninsa. Shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine, wanda ya tafi aikin Hajji ya zauna a Masar, ya rubuta littafi wajen 1732 mai bayanin hanyoyin jera hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Aljabarti. Masana tarihin lissafi har yau suna ambaton sunansa. To, amma mu me muka riƙe daga irin wannan ilimi? Mun riƙe kwanon mun zubar da tuwon. Mai zana miki hatimi a zaure, in kika ce ya gaya miki sassan 220, sai ya hau muzurai.

Ni dai na sha ganin mace ta kwashi adashinta, ko ta sayar da ɗan kunnen gwal da kwallayen jerenta, ta kai wa boka don a mallake mata miji ko a fitar mata da kishiya. A ba ta ƙulli a ce ta barbaɗa a miya, a ba ta laya a ce ta tusa a matashi. Kuɗi su tafi, imani ya raunana, miji kuwa yana nan yadda yake. Ranar da asiri ya tonu kuma, auren da ake son gyarawa shi ne yake fara mutuwa. Haba 'yar'uwa! Lamba ba ta da rai, ba ta ji ba ta gani. In aka ce 220 tana ƙaunar 284, ai salon magana ne na malamai, kamar yadda muke cewa tukunya tana kuka. Zukata a hannun Allah suke, Shi ke juya su yadda Ya so.

ABIN DA NA TSINTA A CIKI

Amma in misali ake nema, akwai shi, kuma kyauta ne. Koma ga gidaje ukun nan na Nikomakus. A wane gida 220 take? Sassanta sun tara 284, ashe mai rara ce, rararta 64. Ita kuma 284 sassanta 220 suka tara, ashe mai giɓi ce, giɓinta 64. Haka lambarmu: 9,363,584 tana da rarar 73,472, aminiyarta 9,437,056 tana da giɓin 73,472. Duk tagwayen da aka samu haka suke, kuma dole su zama haka: ɗaya mai rara, ɗaya mai giɓi, rarar wannan daidai da giɓin waccan. Wani abin lura kuma, kullum ƙaramar ce mai rarar, babbar da ake gani ta cika ido ita ce mai giɓin.

Ita kuwa kammalalliya, irin su 6 da 28, in an buɗe cikinta ita kanta ake tararwa. Ba ta da aminiya sai kanta.

'Yan matanmu masu jiran miji wanda ba shi da aibi, da samarin da ke neman matar da ta haɗa kome, sai su duba nan. Zaman tare na masu rara da giɓi ne. Wani yana da zafin rai, Allah Ya haɗa shi da mai sanyi. Wata hannunta a sake yake, mijinta mai tattali. Amma ki lura da kyau, lissafin nan ta ɓangare biyu yake tafiya. Sassan 12 suna ba da 16, amma sassan 16 ba sa komawa 12, 15 suke bayarwa, don haka ba wanda ya taɓa kiran su masoya. Gidan da mace kaɗai take bayarwa, ita ce haƙuri ita ce hidima, namiji kuwa sai karɓa, wannan ba a kira shi ƙaunar juna ba ko a wurin malaman lissafi. Maigidan da aka karanta wa wannan a kunne, shi ma da shi nake.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna, shi ne 'ya'yanmu mata. Sau nawa yarinya take dawowa daga makaranta ta ce lissafi ya yi mata wuya, uwar ta ce, "Rabu da shi, ai na maza ne"? Wa ya faɗa? A Bagadaza, a ƙarni na 10, an yi wata mata mai suna Sutaita Almahamili, daga gidan alƙalai, wadda ta shahara da sanin lissafi da rabon gado, ta rasu a 987. A ƙasar su Alfarisi da Yazdi kuma aka haifi Maryam Mirzakhani, wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Fields, ɗaya daga cikin mafiya daraja a fagen lissafi a duniya, kafin ta rasu a 2017 tana da shekara 40. Su ma mata ne kamar mu, uwa ce ta goya su.

Ke da kike riƙe lissafin adashin mutum ashirin a ka, kike sanin mudu nawa zai kai gida ƙarshen wata, kike kasa nama ya ishi kowa ba rigima, wa zai ce miki ba ki iya lissafi ba? Macen da ta san tumuni daga sudusi ba a cinye mata gado tana kallo. Wadda kuma ta san sassan 220, ba mai zana mata lamba a takarda ya karɓe mata sarƙa. Kuɗin da za ki kai zauren boka, saya wa 'yarki littafi da biro. In ta dawo daga makaranta, ba ta 1,210 ki ce ta nemo miki sassanta ta tara. In ta kawo miki 1,184, ki sa mata albarka, ki ƙara mata nama a miya.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, Ya tsare mana imaninmu, Ya shirya mana zuriya. Amin summa amin.